Kakar wasa ɗaya a gasar cikin gari: amsa ga mahaifin da aka nemi ɗansa

Wani bawan Allah daga cikin Hausawanmu na Gadarif, a gabashin Sudan, ya aiko da tambaya. Ɗansa mai shekara 19 ya yi suna a ƙwallon unguwa, yanzu kuma wata ƙungiya da ke buga rukunin farko na gasar garin ta zo neman ta yi masa rajista. Yaron yana taya shi aikin gona da damina, da rani kuma yana koyon walda a wajen kawunsa. Abin da mahaifin yake son sani shi ne yadda kakar wasa take tafiya a irin wannan gasa, ko ana samun abin da zai riƙe mutum a cikinta, da kuma ko ya kamata ya bar yaron ya ajiye sana'a ya fuskanci ƙwallo.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya tun ba a kai ga sa hannu ba. Na daɗe a wannan harka, na horar da matasa, na kuma riƙe takardun ƙungiya, don haka zan gaya maka ra'ayina kai tsaye kafin in kawo dalilai. Ka bar shi ya buga, amma kada ya ajiye walda, kada kuma ya sa hannu a kan kowace takarda sai kana wurin. Gasar cikin gari tana neman lokacin ɗan wasa da lafiyarsa kusan yadda babbar gasa take nema, amma abin da take biya bai kai na ciyar da gida ba, kuma takardar da ake sa wa hannu a farkon kaka ta fi kuɗin da ake bayarwa a ranar daɗewa a wuyan yaro.

Yana da kyau ka fara sanin inda wannan ƙungiya take a tsarin ƙwallon ƙasar nan. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Sudan tsohuwa ce, an kafa ta a 1936, tana kuma cikin huɗun da suka kafa hukumar ƙwallon Afirka a Khartum a 1957. A ƙarƙashinta akwai hukumomin garuruwa, irin su na Gadarif da Kasala da Madani da Sinnar da Atbara da Port Sudan, kowace tana gudanar da gasarta mai rukuni-rukuni: na farko, na biyu, a manyan garuruwa har da na uku. Ƙasa da su akwai gasannin unguwanni da ake kira rawabiɗ, inda ɗanka ya fito. Ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a rukunin farko na garinta ita ce take samun damar fita ta kara da zakarun sauran garuruwa a gasar neman hawa, mataki bayan mataki, har waɗanda suka tsira su shiga babbar gasar ƙasa ta Mumtaz. A can sama kuma Hilal da Marrikh na Omdurman ne suka mamaye komai, domin tun da Hilal ta Port Sudan ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa a 1992 babu wata ƙungiya da ta sake ƙwace shi daga hannun waɗannan biyu. Kuɗi da 'yan jarida da idon masu neman 'yan wasa duk a can suka taru, abin da yake gangarowa zuwa gasar gari kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Kaka ba ta farawa da busa usur. Tana farawa ne da lokacin rajista, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Kowace ƙungiya tana da jerin sunayen 'yan wasanta a ofishin hukumar gari, jerin kuma yana da iyaka, don haka kafin a shigar da sabo sai an soke sunan wani. Ranar da aka kai ɗanka, za a nemi lambarsa ta ɗan ƙasa da hotuna, ya sa hannu a gaban jami'in hukuma, a buga masa kati. Daga wannan rana sunansa yana hannun ƙungiyar, ba shi da ikon buga wa wata ƙungiya wasan hukuma sai wa'adinsa ya cika ko sun sallame shi da kansu. A ƙa'idar FIFA ɗan wasa ba ya zama a ƙungiya biyu a lokaci guda, kuma a kaka ɗaya ko da an yi masa rajista a ƙungiyoyi uku, biyu kawai zai iya buga wa wasa.

Akwai wani abu a cikin wannan ƙa'ida da yawancin iyaye ba su sani ba. FIFA ta raba 'yan wasa gida biyu ne kacal. Ƙwararre shi ne wanda yake da rubutaccen kwantiragi da ƙungiya kuma ake biyansa fiye da abin da yake kashewa a kan wasan. Duk wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa biyu ba, mai sha'awa ne. Babu gida na uku. Saboda haka matashin da ake ba shi kuɗi a hannu amma ba a rubuta komai ba, a gaban doka mai sha'awa ne, kuma idan aka daina ba shi babu inda zai kai ƙara ya yi nasara. Mafi yawan 'yan wasan gasar gari a wannan hali suke: ana ɗaure su da rajista, ana riƙe su da alkawarin baki. Don haka ka tambayi shugabannin ƙungiyar abubuwa uku a gaban shaidu, a kuma rubuta amsar. Shekara nawa rajistar za ta yi? Idan babbar ƙungiya ta neme shi kafin wa'adin ya cika, me za a nema kafin a sake shi, kuma nawa ne rabonsa a ciki? Idan ya ji rauni a fili ko a atisaye, wa zai biya magani? Shawarata ita ce ka nemi wa'adi mafi gajarta da ƙa'idar hukumar ta yarda da shi, ko da hakan zai sa kuɗin hannu ya ragu. Na ga matasa masu hazaƙa da suka karɓi kuɗi mai ɗan kauri a ranar farko, daga baya babbar dama ta zo, ƙungiya ta sa farashin da babu mai iya biya, yaro ya zauna a benci yana ji yana gani har damar ta wuce.

Kada kuma ka ɗauka alfarma suke yi muku. Idan wata rana yaron ya fita waje ya zama ƙwararre, ƙa'idar FIFA ta ba ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 21 haƙƙin kuɗin horarwa, sannan duk lokacin da aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ɗan shekara 19 yana cikin wannan tsakani, ke nan sunansa a jerinsu yana da daraja a wurinsu ko da bai buga ba. Wannan ma yana daga cikin dalilan da suka sa nake roƙonka kada ka yarda a rage masa shekaru a takarda, ko wa ya ba ka shawarar. Tun 2009 ake amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance shekarun 'yan ƙasa da 17 a gasannin duniya, kuma mu Hausawan ƙasar nan mun san wahalar da ake sha kafin takardar ɗan ƙasa ta fito, bai dace a ɓata ta saboda ƙwallo ba.

Bayan rajista sai shirin shiga gasa, makonni na gudu da atisaye da wasannin sada zumunci. Daga nan hukumar gari ta fitar da jadawali. Gasar zagaye biyu ce a mafi yawan lokuta, kowace ƙungiya ta haɗu da kowace sau biyu, nasara maki uku, canjaras maki ɗaya. Idan ƙungiyoyi 12 ne a rukunin, wasa 22 ke nan a kan kowace. A takarda wannan bai yi yawa ba, amma tun da yawancin ƙungiyoyin filin gari ɗaya suke rabawa, kuma filin da babu fitila dole a tashi kafin magariba, sai ka ga wasa ya faɗo ranar Litinin ko Laraba da la'asar, a tsakiyar lokacin aiki. Ƙara da atisaye na kwana uku ko huɗu a mako, shi ma da la'asar. Ma'anar wannan ga mai koyon walda ita ce zai riƙa barin shago bayan azahar a mafi yawan kwanakin mako har tsawon watanni, don haka ku zauna da kawunsa tun yanzu ku yi magana, kada a bari sai ran ya ɓaci.

Ranar wasa tana da tsarinta. Kafin a shiga fili alƙalin wasa yakan tsayar da 'yan wasa a layi, sakataren ƙungiya ya miƙa masa katuna a ɗaure da roba, ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya yana duban hoto yana duban fuska, sakataren abokan karawa kuma yana tsaye a gefe yana rubuta duk abin da ya yi masa kama da kuskure. A bayan benci akwai bokitin ruwa da ƙanƙara, da ɗan akwatin magani wanda sau da yawa bandeji da man zafi ne kawai a cikinsa. A kan kujerun gaba kuwa attajiran da suke ɗauke da ƙungiyar ne suke zaune, kuma 'yan wasa sun san cewa nauyin ambulan ɗin da za a raba bayan an tashi ya dogara ne da yadda fuskokin waɗannan mutane suka kasance a minti na casa'in.

Wannan ya kawo mu ga kuɗi. Ƙungiyar gari ba ta da kuɗin talabijin, kuɗin ƙofa kuma bayan an cire na fili da na alƙalai da na hukuma ba ya saura da yawa. Abin da yake riƙe ta shi ne aljihun 'yan kasuwa da manyan manoman unguwa, da ɗan abin da membobi suke tarawa, da hayar shaguna idan tana da su. Ɗan wasa yana samun kuɗi ta hanya uku: kuɗin hannu ranar rajista, kuɗin mota na zuwa atisaye, da tukuicin nasara. Wasu ƙungiyoyi suna ƙarawa da ɗan alawus na wata ga manyan 'yan wasansu. A cikin waɗannan, na farko ne kawai tabbatacce, shi ma idan an biya shi gaba ɗaya a ranar. Abin da aka ce za a cika daga baya, ka ɗauke shi a matsayin bashin da ba lallai ya fito ba, kuma yadda darajar fam take zubewa, ko ya fito bayan wata shida ba zai sayi abin da zai saya yau ba. Tukuici kuwa yana bin sakamako da kuma halin kasuwa. Shekarar da riɗi ya yi kyau ya kuma yi daraja, ƙungiyoyin Gadarif sukan ji a jikinsu. Shekarar da damina ta gaza, sai ka ga shugaban da ba ya fashin zuwa fili ya daina ɗaga waya.

Damina da lokacin girbi su ne suke gwada ɗan wasan da ya fito daga gidan noma. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, idan ta sha ruwa tsakanin Yuli da Satumba fili yakan zama taɓo, hanyoyin ƙauyuka su yanke, a yi ta ɗage wasanni. Wasannin da aka ɗage ba sa ɓacewa, taruwa suke yi, sai a zo a matse su cikin 'yan makonni, yaro ya buga wasa uku a kwana goma. Sau da yawa kuma wannan matsi yakan zo daidai da yankan riɗi a watannin Oktoba da Nuwamba. Kai ka fi ni sanin riɗi: idan ya nuna ba ya jiran kowa, kwanaki kaɗan aka yi sakaci sai kwanson ya buɗe ya zube a ƙasa. A lokacin ne kuɗin ƙwadago yake tashi, kuma abin da matashi mai ƙarfi zai samu a gona cikin mako biyu yakan fi abin da ƙungiya za ta ba shi a watanni. Kowace shekara masu horarwa suna rasa 'yan wasa a wannan lokaci, kuma ni ban taɓa ganin laifin yaron da ya tafi ya ceci amfanin gonar mahaifinsa ba. Abin da nake ganin laifinsa shi ne ɓacewa ba sallama. Ku gaya wa koci tun ranar rajista cewa akwai kwanakin da yaron zai kasance a gona, a san da su a shirya. Kocin da ya ƙi yarda da wannan ga ɗan wasan da ba ya biyansa albashi, ya nuna muku irin zaman da za a yi da shi.

Idan rani ya shigo sai matsalar ta juya. Laka ta bushe ta tsattsage ta yi tauri, idon sawu da gwiwa su riƙa ɗaukar abin da ciyawa ya kamata ta ɗauka. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma wasan la'asar a irin wannan yanayi ba abin wasa ba ne. Dokokin ƙwallo sun ba alƙali damar tsayar da wasa na minti ɗaya don a sha ruwa, ko har zuwa minti uku don jiki ya huce. Da azumi gasar hukuma takan tsaya ko ta koma dare inda akwai fitila, sai gasannin Ramadan na unguwanni su cika gari. A nan ne 'yan wasa da yawa suke jin raunin da yake kashe musu kaka, a filin da ba na ƙungiyarsu ba, kuma ƙungiya ta ce babu ruwanta. Ka ja masa kunne a kan wannan.

Batun lafiya shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A ranar 6 ga Maris 2010, Endurance Idahor, ɗan Najeriya mai buga wa Marrikh gaba, ya faɗi a fili ana tsakiyar wasa da Amal ta Atbara, kuma bai tashi ba. Wannan a babbar gasa ne, a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi biyu na ƙasar. A gasar gari sau da yawa babu likita, babu motar asibiti a bakin fili. Saboda haka kafin ya fara, ka kai shi a duba masa zuciya da hawan jini, ko da daga aljihunka ne. Ka kuma kafa masa doka guda wadda babu koci ko shugaban da zai karya: ranar da yake da zazzaɓi, ko bai gama shan maganin maleriya ba, ba zai buga ba, komai girman wasan. Bayan damina zazzaɓi yana yawa a yankinmu, kuma matasa suna ɓoye shi don kada a ba wani rigarsu. Haka idan ya bugu a kai har ya ga jiri ko ya rikice, ya fita ke nan a ranar. Raunin gwiwa kuwa ka tuna cewa ga mai walda da manomi ba ƙwallo kaɗai yake tsayarwa ba, har da abincin gida.

Zagaye na biyu ya fi na farko zafi, domin a lokacin teburi ya rabu: biyu ko uku suna neman kofi, wasu suna gudun faɗawa rukuni na biyu, na tsakiya kuma ba su da abin nema. A nan ne ƙorafe-ƙorafe suke yawaita a ofishin hukuma, cewa wane ya buga alhali yana da katunan gargaɗin da suka hana shi, ko rajistar wane ba ta inganta ba, kuma ana iya ƙwace makin da aka ci a fili a ba abokan karawa. A nan ne kuma wasu suke zagayawa da dare wajen mai tsaron gida ko ɗan baya na ƙungiyar da ba ta da abin nema, da kuɗin da ya fi duk tukuicin da ya karɓa tun farkon kaka. Yaron da bai da wata hanyar samu shi ne ya fi saurin karkata. Wannan yana daga cikin manyan dalilan da suka sa nake cewa ya riƙe sana'arsa, domin wanda ya san gobe zai buɗe shago ya samu na cefane ya fi ƙarfin cewa a'a, kuma a gari irin namu wanda aka taɓa ce wa ya sayar da wasa, sunan yana bin sa har wajen neman aure.

Idan Allah ya sa ƙungiyarsa ta ɗauki kofin gari, to sai tafiye-tafiye su fara. Gasar neman hawa tana nufin doguwar tafiya a mota, kwana a makaranta ko masauki mai arha, da wasanni a jere a garin da ba naku ba. Ita ce kuma kasuwar 'yan wasa ta gaskiya, domin a nan ne masu horar da ƙungiyoyin Mumtaz da wakilansu suke zuwa kallo. Sai dai ka sani cewa ƙungiyar da ta kai wannan mataki takan ɗauko sababbin 'yan wasa daga wasu wurare, wanda ya sha rana tun wasan farko ya koma benci. Wannan ma abin tambaya ne tun farko.

Ba zan rufe ido a kan halin da ƙasa take ciki ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da babbar gasa, har Hilal da Marrikh suka tafi suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Mauritaniya, daga baya suka koma ta Ruwanda. A watan Yulin 2025 an yi wata taƙaitacciyar gasa a Atbara da Damar don fitar da wakilan ƙasar a gasannin Afirka. Gadarif ta karɓi ɗimbin mutanen da suka gudo daga Khartum da Jazira da Sinnar, a cikinsu har da 'yan wasan da suka saba buga manyan rukunai. Wannan ya ɗaga darajar wasa a garuruwan gabas, ya kuma sa samun gurbi ya yi wuya, sannan masu ɗaukar nauyin ƙungiyoyi yanzu suna da bakuna da yawa da suke ciyarwa a gidajensu. Jadawali ma yana iya sauyawa ko ya tsaya a kowane lokaci. Duk wanda ya yi maka alkawarin albashi mai ɗorewa a irin wannan yanayi, ka nemi ya rubuta.

Idan kaka ta ƙare, ku zauna kai da shi da kawunsa ku yi lissafi da abin da ido ya gani. Wasa nawa aka fara da shi, nawa ya shigo daga benci? Nawa ya shigo hannunsa idan an cire takalmi da mota da magani? Akwai ƙungiyar da ta fi tasa da ta aiko neman sa a hukumance, ba ta bakin dillali ba? Idan ya buga mafi yawan wasanni kuma an fara tambayarsa daga sama, ya cancanci a ƙara masa kaka ta biyu da sassauci a shago. Ranar da ƙungiyar Mumtaz ta ajiye masa rubutaccen kwantiragi mai albashi da wa'adi, a ranar ne za a buɗe maganar ajiye walda. Kafin nan, ranar rajista ka je ofishin hukumar da kanka tare da wanda ya iya karanta takardar Larabci da kyau, a karanta muku kowane layi, kuma kada ku fito sai da kwafin abin da ya sa wa hannu.